Paul Baran: injiniyan da ya tsara hanyar sadarwar da ba ta da cibiya

Duk wanda ya taɓa tura saƙon murya daga Kumasi zuwa Damagaram, ko ya kira ɗan'uwansa na Njamena ta WhatsApp daga Garwa, ya ci moriyar wata dabara da aka fara rubutawa a farkon shekarun 1960 a garin Santa Monica na jihar Kalifoniya. A wannan dabara, ana yayyanka saƙo ƙanana-ƙanana, kowane yanki ya bi hanyar da ta samu, sannan a harhaɗa su a na'urar mai karɓa. Ɗaya daga cikin mutum biyun da suka fara ƙirƙiro ta shi ne Paul Baran, injiniya Ba'amurke ɗan asalin Poland, wanda ya mutu a 2011. Tambaya ɗaya ya shafe shekaru yana nema wa amsa: ta yaya za a gina tsarin da zai ci gaba da aiki bayan an ragargaza wani ɓangare nasa? Amsar da ya samu tana cikin ginshiƙan da intanet ta tsaya a kai har gobe.

Ɗan baƙi a Filadelfiya

An haifi Baran ranar 29 ga Afrilun 1926 a garin Grodno, wanda a lokacin yake cikin ƙasar Poland, yau kuma yana cikin Belarus. Iyayensa Yahudawa ne, sun raɗa masa suna Pesach, kuma shi ne auta cikin 'ya'ya uku. A 1928, yana ɗan shekara biyu, iyalin suka yi ƙaura zuwa Amurka. Sun fara zama a Boston, daga baya suka koma Filadelfiya, inda mahaifinsa ya buɗe ƙaramin kantin kayan masarufi. Tun yana yaro yake kai wa abokan cinikin kantin kaya har gida a cikin ɗan amalankensa.

Ya yi karatun injiniyan lantarki a makarantar Drexel ta Filadelfiya, ya gama a 1949. Aikinsa na farko shi ne a kamfanin Eckert-Mauchly, wanda ya ƙera UNIVAC, ɗaya daga cikin kwamfutocin farko da aka yi don sayarwa. Kwamfutocin wannan zamani suna cika ɗaki guda, suna aiki da dubban ƙwayayen lantarki masu kama da ƙwan fitila, kuma ƙwaya ɗaya in ta ƙone tana iya tsayar da aikin duka.

A 1955 ya yi aure, ya koma Los Anjelis, ya kama aiki a kamfanin Hughes Aircraft a fannin sarrafa bayanan na'urar rada. Da rana yana wurin aiki, da dare yana aji a jami'ar UCLA, har ya sami digiri na biyu a 1959. Ya fara karatun digiri na uku, amma yawan aiki da tafiye-tafiye suka sa ya ajiye. A wannan shekarar ta 1959 ya shiga cibiyar bincike ta RAND, wadda rundunar sojan sama ta Amurka ke ɗaukar nauyin akasarin ayyukanta.

Fargabar wanda zai fara harbi

Lokacin yaƙin cacar baka ne tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet. A 1957 Sobiyet ta gwada makami mai linzami da ke iya tsallaka nahiya, ta kuma harba tauraron ɗan'adam na Sputnik. Daga nan kowane ɓangare ya san cewa bam ɗin nukiliya na iya faɗo masa cikin mintoci.

Abin da ya dami masu bincike na RAND shi ne hanyar da umarni ke bi daga shugabanni zuwa ga masu riƙe da makaman. Sojan Amurka sun dogara ne da layukan tarho na kamfanin AT&T, wanda shi kaɗai ke riƙe da kiran nesa a ƙasar. Kiran yana bi ta wasu manyan cibiyoyi 'yan ƙalilan. Lissafin RAND ya nuna cewa harin da aka kai kan sansanonin soja zai iya haɗawa da waɗannan cibiyoyi, sadarwar ƙasar ta nesa ta katse.

Haɗarin da ke cikin wannan a fili yake. Ƙasar da ta san harin farko zai yanke mata harshe ba za ta iya jira ta tabbatar ko da gaske an kawo mata hari ba. Za ta so ta riga abokiyar gabarta harbi, ko da kuwa na'ura ce ta yi kuskuren gargaɗi. Amma ƙasar da ta san sadarwarta za ta tsira tana da sararin ta dakata, ta bincika, ta yi magana da ɗaya ɓangaren, har ma ta nemi a tsagaita wuta. A wurin Baran, sadarwar da ba ta mutuwa hanya ce ta rage yiwuwar yaƙin tun daga tushe.

Dabararsa ta farko ita ce a yi amfani da gidajen rediyon AM da ke warwatse a faɗin Amurka, kowanne ya miƙa wa na kusa da shi gajeren saƙo. An gwada, kuma ya yi aiki. Sai dai manyan sojoji sun ce suna buƙatar hanyar da za ta ɗauki saƙonni masu yawa, har da murya. Sai ya koma ya sake tunanin abin daga farko.

Siffofi uku na sadarwa

Baran ya zana siffofi uku, kuma wannan zane nasa ya zama ɗaya daga cikin sanannun zane-zane a tarihin kwamfuta. A siffa ta farko, dukkan tashoshi suna haɗuwa a cibiya ɗaya, kamar wayoyin ƙafar keke da ke haɗuwa a tsakiya. In aka bugi tsakiyar, komai ya tsaya. A siffa ta biyu akwai ƙananan cibiyoyi da yawa, kowace da tashoshinta, sannan cibiyoyin suna haɗe da juna ta manyan layuka. Haka tsarin tarho yake a lokacin. Ya fi na farko, amma lalata 'yan cibiyoyi ya isa ya raba ƙasa gida-gida. Siffa ta uku kuwa kamar ragar masunta take: babu cibiya ko ɗaya, kowace tasha tana ɗaure da maƙwabtanta ta fuskoki da dama. Ragar da ta yage a wuri ɗaya ba ta warwarewa duka.

Sai tambayar kuɗi: layuka nawa ake buƙata kafin ragar ta yi ƙarfi? Baran ya gwada a kwamfuta da raga mai tashoshi 324, wato jeri 18 sau 18, yana lalata wasu tashoshi da layuka yana duba sauran nawa ke iya magana da juna. Sakamakon ya nuna cewa in yawan layuka ya ninka yawan tashoshi sau uku ko huɗu, ragar za ta jure mummunan hari, kuma kusan duk tashar da ta tsira za ta iya isa ga sauran. Ƙarin layuka sama da haka ɗan amfani kaɗan yake ƙarawa.

Daga nan babban darasin ya fito, wanda taken wata takarda da ya rubuta a 1960 ya ɗauke shi: ana iya gina tsari abin dogaro da kayan da su kansu ba abin dogaro ba ne. Injiniyoyin tarho suna kashe maƙudan kuɗi don kowace na'ura ta zama ba ta lalacewa. Baran ya ce a sayi na'urori masu arha da yawa, a yarda tun farko cewa wasu za su mutu, a tsara yadda sauran za su ci gaba ba tare da su ba. Ya kan tattauna wannan da Warren McCulloch, masanin ƙwaƙwalwa na jami'ar MIT, kan yadda ƙwaƙwalwar mutum ke neman wata hanya in wani sashe nata ya sami rauni.

Ƙunshi-ƙunshi da dankali mai zafi

Raga irin wannan tana da matsala. Saƙo zai ratsa tashoshi da yawa kafin ya isa, kuma a tsohon tsarin tarho murya tana dusashewa a kowace tasha, kamar kaset ɗin da aka kwafa daga wani kaset, shi ma daga wani, har waƙar ta koma hayaniya. Baran ya ce a mayar da komai dijital, wato jerin sifili da ɗaya. Kowace tasha za ta iya karanta jerin ta sake rubuta shi sabo fil, ko da ya ratsa tashoshi ɗari.

Mataki na biyu shi ne yanka saƙo. A tarho na lokacin, in mutum biyu suna magana ana keɓe musu layi guda daga farko har ƙarshe, ko suna magana ko sun yi shiru, kuma in layin ya tsinke kiran ya mutu. Baran ya ba da shawarar a raba kowane saƙo zuwa ƙananan ƙunshi masu girma ɗaya, kowanne bit 1024, bit kuwa shi ne sifili ko ɗaya guda. Kowane ƙunshi yana ɗauke da adireshin inda za shi, da inda ya fito, da lambar da ke nuna matsayinsa a jeri. Kamar ɗan kasuwa ne da ya raba kayansa a motoci da yawa, ya rubuta suna da lamba a kan kowane buhu: wata mota ta bi ta gabas, wata ta yamma, mai karɓa ya jera buhunan bisa lamba, in ɗaya bai iso ba a sake aiko da shi kaɗai. Ta haka kuma layi ɗaya zai iya ɗaukar ƙunshin mutane da yawa a jere, ba ya zama a banza.

Mataki na uku ya fi wuya: tunda babu cibiya, wa zai faɗa wa ƙunshi hanyar da zai bi? Baran ya bar wa kowace tasha wannan hukunci. Ya kira dabarar da sunan dankali mai zafi, domin wanda aka jefa wa shi ba ya riƙewa, nan take yake miƙa wa na kusa. Tasha in ta karɓi ƙunshi sai ta tura shi ta hanya mafi kyau. In wannan ta cika ko ta lalace, ta tura ta mai bi mata. Hanyar lafiya, a bi ta da shekara.

Tashoshin kuma da kansu suke koyon hanya. Kowane ƙunshi yana da lambar da ke ƙaruwa da ɗaya a duk tashar da ya ratsa. In tasha ta lura cewa ƙunshin da ke fitowa daga wani wuri suna isowa da ƙaramar lamba ta ƙofar arewa, da babbar lamba ta ƙofar kudu, ta gane ke nan cewa ƙofar arewa ce gajeriyar hanya zuwa can. In hanyar ta lalace, lambobin za su canja, tashar ta gyara lissafinta. Sharla Boehm, ƙwararriyar mai tsara manhaja a RAND, ita ta rubuta shirin kwamfutar da aka gwada wannan da shi. Gwajin ya nuna ragar tana koyon hanyoyinta da sauri, kuma tana sake daidaita kanta bayan an lalata wani babban sashe nata, ba tare da wani ya ba ta umarni ba.

A watan Agustan 1964 RAND ta wallafa aikin a juzu'i 11 da sunan On Distributed Communications, wato bayani kan sadarwa mai siffar raga. A ciki akwai manufofin da masu gina irin wannan tsari ke bi har yau: ya jure lalacewa, kada a sami wuri guda da mutuwarsa za ta kashe sauran, mutane da yawa su yi tarayya a kan layuka ɗaya, a iya faɗaɗa shi ta hanyar ƙara tashoshi masu arha, mai amfani kuma ba sai ya san ta ina saƙonsa ya bi ba. Juzu'i guda ya keɓe shi ga tsaro da ɓoye saƙo, tunda ƙunshin za su ratsa hannuwa da yawa. Ba a sa waɗannan juzu'ai cikin sirrin soja ba. Ra'ayin Baran shi ne Amurka za ta fi samun kwanciyar hankali in Sobiyet ma tana da sadarwar da ba ta mutuwa, domin abokin gabar da ke tsoron a yanke masa harshe shi ya fi saurin harbi.

Ƙofofin da aka rufe

Kamfanin AT&T bai karɓi dabarar ba. Manyan injiniyoyinsa sun tashi ne a cikin tsohon tsari, kuma batun a yanka magana a watsa ta hanyoyi daban-daban ya zame musu kamar zancen wanda bai san aikin tarho ba. Sun shirya masa jerin laccoci, ƙwararru da dama suna yi masa bayanin yadda tarho ke aiki, da fatan zai gane kuskurensa. Ya saurara, bai canja ra'ayi ba. Ya shafe shekaru yana karɓar kowace suka yana komawa ya rubuta mata amsa, abin da ya taimaka wajen sa rahoton ya yi yawan da ya yi.

A 1965 RAND ta ba rundunar sojan sama shawarar a gina tsarin, rundunar kuma ta yarda. Amma ma'aikatar tsaro ta ce aikin ya faɗa hannun wata sabuwar hukuma ta sadarwar soja, wadda ma'aikatanta ba su da gogewa a fasahar dijital. Baran ya hango abin da zai biyo baya: za su gina shi ba daidai ba, ya gaza, sannan a riƙa nuna gazawar a matsayin hujjar cewa dabarar ba ta aiki. Sai ya ba da shawarar a dakatar da aikin har a sami waɗanda za su iya. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Haka ya janye daga abin da ya ba shekara biyar na rayuwarsa, ya koma wasu ayyuka.

Yadda dabarar ta dawo

A daidai wannan lokaci, a 1965, Donald Davies na cibiyar binciken kimiyya ta NPL da ke Teddington a Ingila ya kai ga kusan dabara ɗaya, ba tare da ya san aikin Baran ba. Damuwar Davies ita ce yadda mutane da yawa za su yi amfani da kwamfuta mai tsada daga nesa. Shi ma girman bit 1024 ya zaɓa, kuma shi ne ya ba guntayen saƙon sunan Turancin da ya bi su, mai ma'anar ƙunshi.

A watan Oktoban 1967, a wani taro a garin Gatlinburg na jihar Tennessee, Roger Scantlebury, abokin aikin Davies, ya gabatar da binciken Ingila, ya kuma ja hankalin Larry Roberts zuwa ga rahotannin Baran. Roberts shi ke jagorantar gina ARPANET, tsarin da hukumar ARPA ta ma'aikatar tsaro ke son ta haɗa kwamfutocin jami'o'i da shi. Ya karanta rahotannin, ya kuma riƙa neman shawarar Baran. Ranar 29 ga Oktoban 1969 saƙon farko ya tashi daga UCLA zuwa cibiyar bincike ta Stanford. Haruffa biyu suka isa kafin na'urar ta tsaya. Kafin ƙarshen shekarar tashoshi huɗu suna aiki.

Ana yawan cewa an gina ARPANET ne don ta tsira daga yaƙin nukiliya. Wannan manufar Baran ce. ARPANET kuwa an gina ta ne don masu bincike su yi tarayya a kan kwamfutoci, amma ta ari dabarar ƙunshi da ta raga. A Faransa, a farkon shekarun 1970, Louis Pouzin ya jagoranci tsarin CYCLADES, wanda ya ƙara wani mataki: layukan su tura ƙunshi kawai, kwamfutocin da ke bakin layi su ɗauki nauyin tabbatar da cewa komai ya iso. Vint Cerf da Bob Kahn sun amfana da wannan a takardarsu ta 1974, wadda ta haifar da ƙa'idojin TCP/IP. ARPANET ta koma kansu ranar 1 ga Janairun 1983.

Sauran rayuwarsa

Tun a 1966 Baran ya bayyana gaban wani kwamitin majalisar wakilan Amurka, inda ya yi gargaɗi kan haɗarin tara bayanan 'yan ƙasa a kwamfutoci ba tare da kariya ba. A 1968 ya bar RAND, ya shiga cikin waɗanda suka kafa cibiyar Institute for the Future. Daga baya ya kafa kamfanoni da dama, ciki har da Telebit mai ƙera modem, da Com21, da Metricom, wanda ya ɗora ƙananan na'urorin rediyo a kan turakun fitilun titi suna miƙa wa juna ƙunshi, wato ragarsa ta da ce ta dawo ba tare da waya ba.

Ya sami lambar yabo ta Alexander Graham Bell a 1990 da ta Marconi a 1991, sannan a 2008 Shugaba George W. Bush ya miƙa masa lambar ƙasa ta fasaha da ƙirƙira. Duk da haka bai yarda a kira shi uban intanet ba. Ya kan kwatanta aikin da ginin babbar majami'a da ke ɗaukar ɗaruruwan shekaru, inda kowane magini ke aza tubalinsa a kan na wanda ya riga shi, kuma in bai yi hankali ba sai ya ɗauka shi ya gina duka. Ya mutu ranar 26 ga Maris 2011 a Palo Alto sakamakon ciwon dajin huhu, yana da shekara 84, shekara huɗu bayan mutuwar matarsa.

Lissafin da bai tsufa ba

Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku, wato WACS da ACE da SAT-3 da MainOne, suka lalace a gaɓar Kodebuwa. Rezo ya yi rauni ko ya ɗauke a Kodebuwa, Laberiya, Benin, Gana, Burkina Faso, Najeriya, Kamaru da Nijar, bankuna da masu tura kuɗi ta waya suka shiga matsala, gyaran kuma ya ɗauki makonni. Layuka huɗu ne a lissafi, amma da yake sun bi ta wuri ɗaya a ƙasan teku, matsala ɗaya ta haɗa da su duka. Kamfanonin da ke da hanya ta wasu wayoyin da ba su lalace ba, irin su Equiano, su ne suka fi saurin dawowa, ƙunshin saƙonni suka karkata ta can.

Ga ƙasashen da ba su da teku, kamar Nijar da Chadi, waɗanda manyan layukansu ke shigowa ta ƙasashen maƙwabta, lissafin da Baran ya yi da tashoshi 324 yana nan daram. Ƙarfin sadarwar ƙasa ya dogara ne da yawan ƙofofin da take da su, da kuma ko waɗannan ƙofofi sun bi hanyoyi daban-daban da gaske. Abin da ya samu shekara sittin da suka wuce shi ne yawan layuka ya ninka yawan tashoshi sau uku ko huɗu.